Fitilar Goshi Don Gudun Dare: Kada Lambar Jikin Kwali Ta Ruɗe Ka

A wajen ƙarshen watan Agusta, ranar Juma'a da yamma, 'yan gudu fiye da 2,000 kan yi cincirindo a garin Shamoni na ƙasar Faransa, a gindin dutsen Mon Bulan. Tseren da ke gabansu, wanda ake kira UTMB, an fara shi a 2003, kuma tsawonsa ya kai kilomita 170. Sai sun zagaye dutsen kaf, sun ratsa Italiya da Suwizalan, sannan su dawo inda suka tashi. Da yake da yamma ake sakinsu, ba su yin nisa duhu ke rufe su. Gwanayen cikinsu kan gama cikin sa'a 20 ko kusa da haka, dare ɗaya ke nan. Sauran jama'a kuwa, waɗanda aka ba wa sama da sa'a 46, dare biyu suke kwashewa a kan duwatsu. Cikin kayan da aka wajabta wa kowa ya ɗauka akwai fitila biyu masu aiki, kowace da batirinta na ajiya, kuma akan tare mutum a hanya a duba jakarsa. Game da ƙarfin haske kuwa, shawara kawai aka bayar: babbar fitilar ta kai lumen 200 ko fiye.

A lura da abin da suka mayar doka da abin da suka bari a matsayin shawara. Mutanen da suka shekara 20 suna kwaso waɗanda suka maƙale a kan dutse cikin dare sun fi damuwa da kada haske ya yanke, sannan maganar ƙarfinsa ta biyo baya. Masu sayar da fitila kuwa sun juya lamarin. Lambar ƙarfin haske ita suke rangaɗawa da manyan baƙaƙe a gaban kwali, tsawon lokacin da hasken zai yi kuma sai an juya baya an ƙanƙance ido kafin a gan shi, in ma an rubuta. Yawancin masu yin da-na-sani bayan sayen fitila, a nan aka kama su.

Gudu a kan duwatsu da dazuzzuka ya fi ƙarfi a Turai da Amurka. A Ingila akwai tseren Spine, kilomita 431 a tsakiyar sanyin Janairu, lokacin da duhu ke kai sa'a 16 a kwana guda. A 2019 wata likitar dabbobi, Jasmin Paris, ta riga kowa isa, maza da mata, cikin sa'a 83. A hamadar Maroko akwai Marathon des Sables, wanda zangonsa mafi tsawo kan kai mutane cikin dare. Mu a nan ba tsere ne ke fitar da yawancinmu cikin duhu ba, rana ce. A watan Maris da Afrilu, wanda ke son motsa jini ko dai ya fita bayan sallar asuba kafin gari ya waye, ko ya bari sai bayan isha'i, haka ma cikin azumi. Wanda ke bakin gari kuwa, da ya bar kwalta ya faɗa burtali ko hanyar gona, babu fitilar titi, sai abin da ya riƙo. Fitilar goshi kanta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Maharba sun daɗe da ita, tun zamanin mai aiki da kabayid da ake ɗiga wa ruwa, yau kuma makanike da mai tsire da mai haƙar ma'adinai duk suna ɗaura ta. Bambancin shi ne, duk waɗannan ko a tsaye suke ko suna sanɗa. Mai gudun kilomita 10 a sa'a kuwa yana cin kusan mita 3 a kowace daƙiƙa. Idan iyakar ganinsa mita 5 ne, bai kai daƙiƙa biyu ba tsakanin hango kututture da yin karo da shi. Fitilar da ta ishi mai tsire ba za ta ishe shi ba.

To mene ne lumen ɗin nan? Ma'auni ne na jimlar hasken da ke fita daga fitila, ko ina ya nufa. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da kamar 800. Ƙwan fitilar mota irin na da yana ba da tsakanin 1,000 da 1,500. Da wannan kaɗai mutum zai iya auna wasu kayan kasuwa. Idan ka ga 'yar fitila mai arha an rubuta mata lumen 10,000 ko fiye, ana ce maka ta ninka fitilun mota biyu sau uku, alhali ƙananan batura uku ne a cikinta. Ajiye ta kawai, ba sai an yi gardama ba.

Ko kamfanonin kirki ma, lambobinsu na bukatar fassara. Tun 2009 akwai ƙa'idar gwaji da aka fitar a Amurka, mai suna FL1, wadda yawancin manyan masu ƙera fitila ke bi. Bisa ƙa'idar, ana auna lumen jim kaɗan bayan kunna fitila, da sabon batir, kafin ta ɗauki zafi. Lokacin aiki kuma ana ƙirga shi har zuwa sa'ad da hasken ya faɗi ya koma kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Dubi abin da wannan ke nufi. Fitilar da aka rubuta wa lumen 400 da sa'a 6, tana iya kasancewa tana ba da 200 bayan sa'a ɗaya, 100 bayan uku, ta ƙare a 40, kuma ba a yi ƙarya ba. Haka nisan haske: ana auna shi zuwa inda ya ragu ya yi daidai da hasken cikakken wata. Farin wata ya isa mutum ya gane akwai itace a gabansa, amma bai isa a yi gudu a kan tsakuwa ba. Don haka in an ce mita 100, ka ɗauka abin da zai yi maka amfani bai kai rabin haka ba.

Nan ne fitilu suka rabu gida biyu. Akwai waɗanda haskensu ke bin ƙarfin batir, yana raguwa a hankali tun daga mintin farko. Illarsu ita ce ido na sabawa, mutum bai san haske ya ragu ba sai ya ga tuntuɓe ya yi yawa. Akwai kuma masu na'urar daidaita wuta a ciki, waɗanda ke riƙe haske a mataki ɗaya har batir ya kusa ƙarewa, sannan su ƙifta su sauka zuwa ɗan hasken da zai kai ka gida da tafiya. Mai gudu na biyun yake bukata, ko da lambarta ba ta kai ta farkon ba. Kamfanin da ya yarda da kayansa yakan buga zanen da ke nuna yadda haske ke sauka da tafiyar lokaci. In layin ya miƙe sannan ya faɗi, madalla. In tun farko gangara yake yi, ka san da wadda kake ciniki.

Mataki mafi ƙarfi da ake tallata fitila da shi, sau da yawa wutar kara ce. Ƙwan LED na fitar da zafi, ƙaramar fitila kuma ba ta da jikin da za ta watsar da shi, saboda haka bayan daƙiƙu kaɗan ko 'yan mintuna sai ta rage kanta don kada ta ƙone. Mai gudu cikin ƙanƙara a Ingila iska na sanyaya masa ita. Wanda ke gudu a daren Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi ba shi da wannan gata, tasa za ta fi saurin sauka. Matakin tsakiya shi ne ainihin fitilar, a kansa za a yi ciniki.

Akwai ɗan lissafi da ke tona asirin kowace fitila, kuma ba sai ɗan boko ba. A aikace, fitila mai kyau na ba da kamar lumen 100 a kan kowane wat ɗaya, wani lokaci da ɗan ɗoriya. Batirin lithiyam da ake kira 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, in na gaske ne mai 3,500mAh, yana ɗauke da wutar da za ta ba da wat 12 da ɗan kai na tsawon sa'a guda. Lumen 300 na cin wat 3. A raba 12 da 3, an sami sa'a 4. Ƙananan batura uku irin na rimot, masu lamba AAA, ba su kai rabin wannan ba, kuma in an matsa musu sun fi saurin gajiya. Duk kwalin da ya yi alkawarin haske mai yawa, sa'o'i masu yawa, da nauyi kaɗan gaba ɗaya, to ɗaya daga cikin ukun ba gaskiya ba ne.

Nawa ne zai isa? A kan hanyar ƙasa mai laushi wadda mutum ya sani, lumen 150 zuwa 200 sun wadatar. In akwai duwatsu da saiwoyi da kwazazzabai, a nemi 300 zuwa 400 da fitila za ta iya riƙewa har a dawo gida. Abin da ya haura haka na gangare ne mai sauri, ko na ɗan lokacin da aka tsaya ana neman inda hanya ta yi. Idon ɗan Adam ba ya ganin ninki biyu na lumen a matsayin ninki biyu na haske, ɗan ƙari kawai yake gani, amma batir kam ninki biyu yake biya.

Yanzu ga abin da kwali ba ya faɗa, kuma shi ne ya fi raba fitila mai daɗin gudu da mai sa ciwon kai: siffar hasken. Fitila biyu na iya zama lumen ɗaya, ɗaya ta dunƙule shi wuri guda ta harba nesa, ɗaya ta baza shi. Wadda ta dunƙule ita ke burge mai saye, domin in an haska katangar can nesa sai a ga tsal. Maharbi ma ita yake so, don idon dabba yake nema. Amma ka yi gudu da ita minti 20 ka gani. Duniya duk ta koma ɗan da'ira mai tsalle a gabanka, gefe da gefe baƙi ƙirin, kana ta waige-waige don ganin inda za ka sa ƙafa, wasu har jiri suke ji. Wadda ta bazu sosai kuma tana nuna ƙafa da gefen hanya, sai dai ba ta gaya maka kwana na zuwa. Abin nema shi ne mai haɗa biyun: tsakiya mai ɗan ƙarfi da ke kai mita 20 zuwa 30, sannan hasken ya narke a hankali zuwa gefe, ba tare da wani kaifin iyaka ba.

Gwajin ba wuya. A shagon ma, ka tsaya taku huɗu daga bango ka haska. Idan ka ga fari fat a tsakiya, zobe mai duhu a kewaye, sannan wani zoben haske, wannan za ta wahalar da kai. Idan kuma irin mai zuƙowa ce, wadda ake jan bakinta gaba da baya, in an zuƙo har siffar ƙwan mai kusurwa huɗu ake gani a bango, in an baza kuma sai da'ira mai kaifin baki wadda bayanta babu komai. Irin waɗannan sun cika kasuwa, kuma wurin da bakin ke zamewa nan ne ƙura da ruwa ke shiga. Ka kuma kaɗa yatsunka da sauri a gaban fitilar tana matakin ƙasa. In ka ga yatsun sun rarrabu suna yanke-yanke, fitilar ƙiftawa take yi da saurin da ido bai cika kamawa ba, kuma a cikin ruwan sama ko ƙura abin na gajiyar da ido.

Akwai wata matsala da duk fitilar goshi ke da ita, mai tsada da mai arha. Da rana muna gane tudu da rami ne saboda inuwa. Fitilar da ke goshi kuwa tana zaune yatsu kaɗan sama da ido, don haka inuwar kowane dutse na faɗawa daidai bayansa, inda ido ba ya gani. Sai ƙasa ta zama shimfiɗe. Kunyar gona, bakin rami, saiwar da ta ɗago, duk su saje da ƙasar da ke kewaye da su, musamman a kan yashi ko jar ƙasa mai launi ɗaya. Mutum na ganin dutsen sarai, amma bai san tsayinsa ba, sai ya ɗaga ƙafa ƙasa da yadda ya kamata. Ƙara ƙarfin haske ba ya maganin wannan, wani lokaci ma ƙara wanke ƙasar yake yi. Maganin shi ne a sauko da haske ƙasa. Cire fitilar ka riƙe ta daidai ƙugu a kan hanyar da ka saba, za ka ga kowace tsakuwa ta yi doguwar inuwa, ramuka sun yi baƙi, hanyar ta fito da kamanninta. Shi ya sa da yawa daga masu dogon tsere ke ɗaura fitila a ƙugu ko ƙirji, su bar ta goshi don duba nesa da gefe. Tun da dai ana bukatar fitila ta biyu, babu laifi ta zama wadda ɗaurinta zai iya zagaye ƙugu, ko ƙaramar tocila ta hannu.

Wannan dabara ta fi amfani a lokacin hunturu. Bature na fama da hazon ruwa, mu muna fama da na ƙura, amma abin da ke faruwa ɗaya ne: haske na bugun ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a iska ya dawo cikin ido. Da yake fitilar na dab da ido, sai ka ga fari kawai a gabanka, ƙwayoyin ƙura na ta walƙiya, hanya ta ɓace a bayansu. Direbobi sun san wannan, shi ya sa ba a kunna babbar fitila cikin hazo. Mai gudu ma rage haske zai yi, ya karkata fitilar ƙasa, in abin ya yi yawa ya cire ta ya riƙe a hannu. Launin hasken ma na da tasiri. Fari mai ratsin shuɗi, wanda akan rubuta wa 6,000K ko sama, ya fi ɗaukar ido a hazo. Mai ɗan ja-ja, wajen 4,000K, ya fi sauƙi ga ido kuma ya fi nuna bambanci tsakanin ƙasa da busasshiyar ciyawa. Da damina kuma wani sabon salo ne. Daren da shinge ya fito, duk ƙwarin unguwa goshinka za su nufa, wasu a ido wasu a baki. Nan ma ta ƙugu ce mafita.

Wasu fitilun zamani na da ɗan ido mai auna hasken da ke dawowa, su ƙara ko su rage da kansu. Kamfanin Petzl na Faransa, wanda asalinsa kayan masu shiga kogo yake ƙerawa, ya fitar da irin wannan a 2012. Dabara ce mai adana batir: ka dubi agogon hannunka ta rage, ka ɗaga kai ta ƙara. Sai dai hazo da ƙura na ruɗa ta, haka ma rigar wanda ke gabanka in mai ƙyalli ce. Wanda zai sayi irinta ya tabbatar ana iya kashe wannan tsarin a koma haske tsayayye.

Ba don tuntuɓe kaɗai ake son haske mai faɗi ba. Kububuwa da dare take fita, launinta kuma launin ƙasa ne, ga ta 'yar ƙarama. Ita ce kan gaba wajen sarar mutane a yankinmu, har garin Kaltungo na jihar Gombe ya yi suna da asibitin masu saran maciji. Fitilar da ke nuna tsakiyar hanya kawai ta bar gefen ciyawa cikin duhu ta bar maka rabin aiki.

Sai zaman fitila a kai. Abin da bai dame ka a tsaye ba, in ka fara gudu kowane taku sai ya buga maka goshi. Fitilar da duk nauyinta ke gaba, in ta wuce giram 100 takan fara rawa, sai a ƙara ɗaure ta, sai ciwon kai ya biyo baya. Masu babban batir gara a ce batirin na ƙeya, ƙwan na gaba, nauyi ya rabu, in da hali da ɗauri na uku da ya bi ta tsakiyar kai. Kada a ji kunyar mai shago: a ɗaura, a yi tsalle sau goma, a girgiza kai. A duba mahaɗin da ake karkata ta da shi, domin a fitilu masu arha shi ke fara sakewa, kana gudu tana sunkuyawa da kanta har ta koma haska maka hanci. Mai sa hula ko hijabi ta gwada a kansu, don santsin yadi na sa ɗauri zamewa. Ɗaurin kuma ya zama mai ciruwa a wanke, gumi ba ya barin roba ta daɗe.

Maɓalli ɗaya babba, wanda yatsa zai samu ba tare da lalube ba, ya fi uku ƙanana. Fitilar da sai ka ratsa ta walƙiya da ja da shuɗi kafin ka dawo matakin da kake so, za ta bar ka cikin duhu a tsakiyar gangare. A nemi mai makulli, don kada ta kunna kanta a jaka ta cinye batir tun rana ba ta faɗi ba. Jan haske ba na gudu ba ne, amfaninsa in an tsaya ana magana ko ana neman abu a jaka, domin ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, farin haske mai ƙarfi kuma nan take yake rushe wannan. Game da ruwa, alamar IPX4 na nufin ta jure yayyafi da fantsama, IPX7 kuwa ko ta faɗa ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30 za ta fito lafiya. Inda aka sa lamba a gurbin X ɗin, kamar IP67, shidan na nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Ga mai zama inda ake wata uku ana hazo, wannan lambar ta farko ba ado ba ce.

Maganar batir ta fi shafarmu fiye da Bature, don shi bai san a kwana uku ba wuta ba. Fitila mai batir a manne a ciki ta fi sauƙin nauyi, amma in ya ƙare a hanya shi ke nan, in kuma ya tsufa bayan 'yan shekaru fitilar duka ta tafi. Wadda ake cire batirinta a sa wani ta fi dacewa da halinmu. Akwai ma masu karɓar iri biyu, na caji da kuma AAA da ake samu a kowane kanti. In bakin cajinta irin na wayoyin yanzu ne, waya ɗaya da abin ajiyar caji ɗaya sun isa duka. A yi hattara da jabun 18650. Na gaske ba ya wuce 3,500mAh da wani abin kirki, nauyinsa kuma giram 45 zuwa 50 ne. Wanda aka rubuta wa 9,900 ka ɗaga ka ji shi sakayau, ba ya ɗaukar ko rabin na gaske, kuma irinsu ne suka fi haɗarin kumbura ko kamawa da wuta. Kada a bar batirin lithiyam cikin mota a rana, kada a jefa shi aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi. Batura na yau da kullum kuma a cire su in za a ajiye fitila, don sukan zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki. Sanyi na rage ƙarfin batir, amma wannan damuwar masu hawa Mon Bulan ce, ko sanyin Jos bai kai ya dami kowa ba.

Me ya sa masu tseren can suka nace sai fitila biyu, ba batir biyu kaɗai ba? Wanda ya taɓa ƙoƙarin buɗe murfin batir cikin baƙin duhu, hannu na gumi, batir ɗaya ya suɓuce ya faɗa ciyawa, ya san amsa. Kuma ba batir kaɗai ke mutuwa ba: waya na tsinkewa, maɓalli na maƙalewa, mutum na faɗuwa ta fashe. Ta biyun ba sai mai tsada ba, 'yar ƙarama mai lumen 50 zuwa 100 ta isa ta kai ka gida da tafiya. Fitilar wayar hannu ba ta shiga wannan lissafi ba. Haskenta ba ya nisa, kuma tana cinye cajin da za ka kira gida da shi in ka gurɗe.

Saura abin da ba a saya a shago. Ba kowane daji ake shiga da dare ba a halin da ake ciki, kuma babu fitilar da ke maganin wannan. A tsaya inda aka sani kuma aka san mutum, a tafi su biyu ko uku, a faɗa wa na gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Haske mai tsalle yana tunkaro gona ko ruga da gudu cikin dare abin tsoro ne ga wanda ke can, saboda haka in akwai 'yan sintiri a unguwa su san da kai tun kafin ka fara. In ka hango mutum, rage gudu, sunkuyar da fitila ko ka rufe ta da tafin hannu, ka yi sallama tun daga nesa. Dalle wa mutum fitila a fuska rashin ladabi ne, in mai babur ne kuma kana iya jefa shi rami. Inda hanya ta haɗu da titi, ɗan jan haske a ƙeya ko riga mai ƙyalli na sa direba ya gan ka.

Duk wadda ka saya, kada daren farko a daji ya zama gwajinta. Cika mata caji, kunna ta a matakin da za ka riƙa gudu da shi, ajiye ta inda iska ke kaɗawa tana haska bango, ka duba agogo. Kowane rabin sa'a ka leƙa ka ga yadda hasken yake. Lokacin da ta yi kafin ta dushe shi ne gaskiyarta, kuma ya kamata ya ninka tsawon gudun da ka saba yi. In ba ta kai ba, mayar da ita tun da sauran rasit a hannunka, ko ka bar ta ta aikin gida ka nemi wata.